Babi na Shida: Nawa Ne Kuɗin Rataya Babbar Fitilar Ado a Doguwar Mashiga?

"Na ga fitilar, na ji kuɗinta. To nawa za a ɗaura mini ita?" Masu sayar da kayan wuta, daga Sabon Gari a Kano har kasuwar Alaba a Legas, sun saba da wannan tambaya, kuma amsarsu kusan ɗaya ce: "Haba Alhaji, wannan ai ba wani abu ba ne, akwai yaronmu." Sai mai saye ya tafi da zaton aikin bai wuce na fanka ba. A hau tebur, a haɗa waya, a ɗaure noti, a sauko.

A ɗaki mai tsawon ƙafa goma kusan haka abin yake. Amma gidajen bene na yanzu sun zo da wani yayi: a bar mashigar gida a buɗe tun daga ƙasa har rufin bene na sama, ta yadda baƙo yana shigowa sai ya ɗaga kai. Son doguwar mashiga ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk wanda ya taɓa shiga soron wani basarake ya ga bakan gizo da tulluwa ya san haka. Sabon abin shi ne rataya shandaliya mai nauyin gaske a tsakiyar wannan sarari, ƙafa ashirin daga ƙasa. A nan amsar "akwai yaronmu" take ƙarewa, lissafi ya fara.

Tsawo ne ke cin kuɗi

Haɗa wayar shandaliya bai fi haɗa wayar kowace fitila wuya ba. Waya uku ce: mai wuta, ta dawowa, da ta ƙasa. Mai wayarin da ya san aikinsa zai gama wannan kafin shayi ya huce. Abin da kake biya shi ne isa wurin, da tsayawa a can da hannu biyu a sake, da ɗaga kaya mai nauyi wanda ba ya son a girgiza shi.

Kowane hawa na bene yakan kai mita uku, wato mashiga mai hawa biyu tana kusan mita shida. Tsani mai ƙafa biyu da ake samu a gidaje ba ya kaiwa nan. Dogon tsani kuma yana buƙatar bangon da zai jingina, alhali fitilar a tsakiya take, nesa da kowane bango. Saboda haka sai an kafa sikafoldin, wato ƙarafan da magina ke harhaɗawa su shimfiɗa katako a kai. Hayarsa ta kwana ce. Akwai kuɗin motar da za ta kawo shi ta mayar, akwai ladan masu kafawa da kwancewa, akwai falankin da za a shimfiɗa a ƙasa don kada ƙafafun ƙarfe su fasa tayil ko mabul da aka kashe wa dukiya. In kuma matattakalar bene ta ratso ƙarƙashin inda fitilar za ta sauka, kamar yadda take yi a yawancin irin waɗannan gidaje, to ƙafa biyu suna kan daɓe, biyu suna kan mataki, sai an yi dabarar daidaita su. Wannan kaɗai yana iya cin rabin yini.

Mutum ɗaya ba ya wannan aiki. Aƙalla biyu a sama, ɗaya yana tallafe ɗaya yana ɗaurewa, da ɗaya a ƙasa mai miƙa kaya. In ka ji wani ya ce shi kaɗai zai yi da tsani da igiya a kan rabin kuɗin, ka tuna faɗowa daga mita shida kan mabul ba targaɗe take kawowa ba, kuma a gidanka za a yi ta.

Girmanta da nauyinta

Masu ƙawata gida suna da wani lissafi mai sauƙi. Ka auna tsawon daɓen mashigar da faɗinsa da ƙafa, ka haɗa su, abin da ya fito shi ne faɗin fitilar da inci. Mashiga mai ƙafa 14 da 16 tana son fitila mai faɗin inci 30 ko sama da haka kaɗan, tunda tsawon wuri yana rage wa abu girma a ido. Tsayin fitilar kuwa, inci biyu da rabi zuwa uku a kan kowace ƙafa ta tsawon ɗakin: ƙafa 20 ke nan tana ɗaukar fitila mai tsayin inci 50 zuwa 60. Ƙasanta kada ya sauko ƙasa da ƙafa bakwai daga daɓe, amma a mashiga mai hawa biyu an fi tsayar da ita daidai da daɓen bene na sama, ko daidai tsakiyar babbar tagar da ke saman ƙofa don a hango ta daga waje da dare.

Wannan lissafin ba doka ba ne, amma yana hana ɓarna iri biyu. Ɗaya, a sayo ƙarama ta ɓace a sararin sama, a sake kafa sikafoldin don a canza ta. Biyu, a sayo wadda ba ta shiga ta ƙofa. Kafin ka biya, ka auna faɗin ƙofar gidanka, ka tambayi faɗin babban zoben fitilar, ka kuma tambaya ko yana rabuwa.

Sai nauyi, wanda kusan ba mai tambayarsa a shago. Fitilu biyu suna iya yin kama a hoto, ɗaya roba ce mai ƙyalli, ɗaya gilashi. Ta roba ba nauyi, ba tsada, amma da shekaru takan dushe ta koma ruwan ɗorawa. Araha ba ta ado. Gilashin da ake kira K9, wanda ya cika kasuwa daga China, yana da nauyi da haske mai kyau. Sama da shi akwai kiristal na gaske, irin na Asfour da ake yi a Alƙahira, da na Bohemiya a ƙasar Cek, da Swarovski na Ostiriya. Duk sanda ka hau mataki a inganci, ka hau mataki a nauyi. Babbar shandaliya ta gilashi tana iya kai kilo ɗari. Buhun siminti biyu ke nan a rataye a kan inda 'ya'yanka ke wucewa safe da yamma.

Me zai riƙe ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace tasiri a kan kuɗi, kuma amsarta tana ɓoye a bayan silin.

Silin ɗin POP ado ne. Filasta ce da zare, rataye da siraran katako ko waya, kuma iyakar ƙarfinta ta riƙe kanta da 'yan ƙananan fitilun da ake binnewa a jikinta. Ba a rataya shandaliya a jikin POP, ko da mai aikin ya rantse cewa ya sa katako a baya. A Amurka, dokar wayarin ta ƙayyade cewa akwatin haɗa waya na silin na yau da kullum kilo 23 ne iyakarsa, wato fam 50. Duk fitilar da ta wuce haka sai an yi mata mariƙi nata na daban a jikin ginin, ko akwati na musamman da aka gwada a kan nauyinta. Dokar tasu ce, amma nauyi bai san iyakar ƙasa ba, kuma adadin ya isa zama ma'auni a ko'ina.

Idan abin da ke sama dekin ne na kankare, kuma an yi tunanin fitilar tun ana gini, aikin ya zo da sauƙi. Kafin a zuba kankare, mai ɗaurin rodi zai lanƙwasa rodi mai kauri ya saƙala shi a cikin ragar rodin dekin, ƙugiyar ta leƙo ƙasa, kamar yadda ake yi wa fanka amma mafi ƙarfi. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba: guntun rodi ne da aikin minti kaɗan. A lokacin ne kuma za a binne fayif ɗin waya har zuwa wurin.

Idan kuwa an riga an gama gini, an yi POP, an yi fenti, sannan Hajiya ta ga fitilar a gidan biki ta ce ita ma sai irinta, to ga jerin abin da zai biyo baya. A yanke POP. A huda kankare da na'ura, ana addu'ar kada a faɗa kan fayif ɗin waya da ke binne. A kafa farantin ƙarfe da kusoshi masu buɗewa a cikin rami, ko waɗanda ake kafawa da sinadarin gam, aƙalla huɗu don nauyin ya rarrabu. Mai walda ya haɗa sandar da za ta sauko daga kankare ta ratsa silin, domin tsakanin dekin da POP akwai tazara. Sannan a kira mai POP ya toshe, a jira ya bushe, a kira mai fenti, wanda zai gaya maka sabon fenti ba zai saje da tsohon ba sai an shafe silin ɗin gaba ɗaya. Duk waɗannan kwanakin sikafoldin yana tsaye a mashigarka, hayarsa tana tafiya, mutanen gida suna shiga ta ƙofar kicin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanayi na uku ya fi buƙatar hankali. A gidaje da yawa mashigar tana kaiwa har ƙarƙashin rufin kwano, babu kankare a sama, sai katakon da kafinta ya haɗa. Katakon nan an yi shi ne don ɗaukar kwano, ba don a tara masa kilo ɗari a wuri guda ba, ga gara, ga zafin da ke busar da shi har ƙusa ta yi sako-sako. Abin da ya dace shi ne a gitta ƙarfe mai ƙarfi daga bim zuwa bim, ko daga bango zuwa bango, fitilar ta rataya a jikinsa. A nan sai an ji ta bakin injiniyan gini. Kuɗin zuwansa ya duba ya ba da shawara ƙarami ne a kan kuɗin fitilar, kuma shi ne kuɗin da mutane suka fi jin ƙyashin biya.

Ko wane irin mariƙi aka yi, a ƙara igiyar ƙarfe ta biyu mai maƙali na daban, wadda ba ta ɗauke da komai sai ranar da na farko ya saki. Kuma kafin a ɗaura fitilar a gwada ƙugiyar da nauyin da ya fi nata, a bar shi ya kwana. Manyan gine-gine ma ba su tsira ba: a watan Mayun 1896, a gidan wasan opera na birnin Paris, ɗaya daga cikin ƙarafan da ke daidaita nauyin babbar shandaliyar zauren ya kuɓuce, ya fasa silin, ya kashe mace ɗaya a cikin 'yan kallo.

Daga kwali zuwa sama

Yawancin fitilun da ke kasuwanninmu daga Guzhen suke fitowa, wani gari a lardin Guangdong na China wanda kusan ba shi da sana'a sai fitila. Wanda ya yi oda da kansa zai ga farashin can ya yi daɗi, sai ya zo kan dako. Ta jirgin ruwa da girman akwati ake caji, kuma shandaliya ko ba ta da nauyi tana cin wuri, balle an sa ta a akwatin katako. Ta jirgin sama da kilo ne. Sai kwastan, sai motar da za ta ɗauko ta daga Legas zuwa arewa a kan hanyoyin da kowa ya sani. Ka nemi a ƙara maka 'ya'yan gilashi na ajiya tun daga can, domin samun irinsu daidai bayan shekara biyu sai an dace.

Duk wannan da dala ake lissafa shi. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Wanda ya karɓi farashi ya tafi ya yi wata uku yana shawara ya dawo ya tarar da wata magana. Shi ya sa ya fi amfani ka riƙe lissafin da kwanaki da mutane da kaya, ka sa musu farashin ranar da kake ciki.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne fitilar ba ta zuwa yadda suka gan ta a shago. Ƙarfe ne tsirara a kwali ɗaya, gilasai ɗaruruwa ko dubbai a wasu kwalaye, kowanne a naɗe, da takardar bayani mai zane wadda sau da yawa ba ta da ko kalma ɗaya da za ka iya karantawa. Sai an rataya ƙarfen, an gwada kowane ƙwai ya kama, sannan a fara saƙala gilasai ɗaya bayan ɗaya, daga ciki zuwa waje, da safar hannu don kada yatsa ya bar tabo. Irin mai zubowa kamar ruwan sama, wadda kowane zare yake da nasa tsawon da lambarsa, tana iya cinye yini biyu. In aka yi kuskuren layi ɗaya, siffar ta karkace, kuma daga ƙasa ake ganewa bayan an sauko. Saboda haka in kuna jinga, ka tambaya a fili: "Malam, kuɗin nan har da jera gilasan, ko ratayawa kawai?" Rigima da yawa daga nan take tasowa.

Maganar wuta

A ce fitilar tana da ƙwai 40. Da tsofaffin ƙwai masu wat 40, wat 1,600 ke nan, ya fi abin da ƙaramin janareta ke iya ɗauka. In tana ci awa biyar kullum, a wata ta sha yunit 240. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta kai farashin wutar 'yan rukunin A naira 225 a kan kowane yunit. A wannan farashin, naira 54,000 ke nan a wata a kan fitila ɗaya. Da ƙwai na LED masu wat 4, yunit 24 ne, naira 5,400. Ga kuma zafin da ba za su ƙara wa gidan ba a watan Afrilu. A nan babu abin yin shawara.

Sai dai LED yana da nasa raunin. Yawancin fitilun zamani suna da wani ɗan akwati mai rage ƙarfin wuta, kuma shi ne ke fara ƙonewa in an kawo wuta da ƙarfi ko an juya daga janareta. Masu haɗawa sukan cusa shi a cikin kwanon da ke manne da silin, mita shida a sama. Ranar da ya mutu, kayan da za a canza ba tsada, amma sai an sake hayar sikafoldin. Ka sa mai wayarin ya ja waya ya ajiye akwatin a inda hannu ke kaiwa, cikin silin na barandar bene mai ƙofar dubawa, ko a wani ɗan kabad. Ka sa na'urar kariya daga hauhawar wuta a allon rarraba wuta na gidan. In kana son makunni mai rage haske, ka tabbata shi da ƙwan sun dace da juna, in ba haka ba fitilar za ta riƙa ƙyafta ido tana ƙara. Makunni biyu ya fi, ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a saman bene. Wayar ƙasa kuma dole ce, tunda jikin fitilar ƙarfe ne kuma mutum zai taɓa shi yana tsaye a kan ƙarfe.

Wanda ya sayo daga Amurka ya kula: wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, kuma mazaunin ƙwansu ya bambanta da namu. Hukumar NEMSA tana ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ba laifi ba ne ka nemi ganinta.

Bayan an kwance sikafoldin

Hunturu ɗaya ya isa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke shigowa ta kowace kafa za ta kwanta a kan kowane gilashi, ƙyallin da aka biya kuɗi dominsa ya koma fari-fari. Da damina ta faɗi shinge da sauran ƙwari su taru a kan haske su mutu a cikin kwanukan fitilar, gizo-gizo ya zo ya yi saƙa. A arewa, shandaliya tana son wanki aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kowane wanki hawa ne. Masu wankin da ba su sani ba sukan tsaya wuri ɗaya su riƙa juya fitilar don su kai ga ɗaya gefen. Juyin nan yana murɗe waya yana kwance noti a hankali, don haka a hana.

Manyan wurare sun san wannan tun a zane. Shandaliyar Masallacin Sultan Qaboos da ke Maskat, wanda aka buɗe a 2001, tsayinta mita 14, nauyinta ya haura tan takwas, ƙwai 1,122, kuma a cikinta akwai matattakala da ma'aikata ke bi don gyara. Gida ba ya buƙatar haka, amma akwai ƙaramin inji da ake ɓoyewa a saman silin, mai igiyar ƙarfe, wanda ke sauko da fitilar har ƙasa da makulli ko rimot, ya yanke mata wuta da kansa yayin da take saukowa. Yana da tsada, wani lokaci ya yi kusa da kuɗin matsakaiciyar fitila, kuma yana son sarari a sama da mariƙi mai ƙarfi. A ganina, in mashigar ta kai mita shida kuma gidan na zama ne ba na sayarwa ba, injin yana biyan kansa, domin kowane ƙwai da ya mutu da kowane wankin hunturu sun zama aikin mutum ɗaya a tsaye a ƙasa. Akwai mai hannu, irin na wanawa, wanda ya fi araha kuma bai damu da ɗauke wuta ba. In ba za a sa ko ɗaya ba, to a zaɓi fitila mai sauƙin siffa, wadda doguwar sanda mai gashi za ta iya kakkaɓewa daga barandar bene.

Yadda za ka nemi farashi

Kada ka karɓi farashi ta waya. Mai aikin da bai zo ya ɗaga kai ya ga wurin ba, bai leƙa bayan silin ba, bai tambayi nauyin fitilar ba, kintace yake yi, kuma kintacen zai gyaru a aljihunka bayan an fasa POP. Ka sa ya rubuta maka kowane abu daban: hayar sikafoldin da yawan kwanaki, mariƙi da walda, waya da makunni, jera gilasai, gyaran silin da fenti. Ku yi magana a kan wanda zai biya in gilashi ya fashe a hannun yaransa. Ka ba da kafin alƙalami na sayen kaya, ka riƙe cikon sai an kunna fitilar da dare ka gani, kuma kada a kwance sikafoldin sai ka hau bene ka dube ta daga sama, ka fita waje ka dube ta ta taga. Karkatar da ba ta fi yatsa biyu ba a sama, daga bakin ƙofa kowa zai gan ta.

In gininka bai kai dekin ba tukuna, gobe ka je wurin ka nuna wa mai ɗaurin rodi inda ƙugiya za ta zauna. A babi na gaba za mu bi wayar nan daga fitila mu koma allon rarraba wuta, mu ga yadda ake raba layukan gidan bene tsakanin wutar gwamnati, janareta da sola, da waɗanne fitilu ya kamata su zauna a kan inbata.